Kamu, Yadi, Ƙafa da Mita: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mayar da Awon Tufa Zuwa Awon Fili

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu sayen fuloti a gefen Kaduna, da magada masu rabon gona, da teloli da 'yan kasuwar yadi da ke son zuba ɗan abin da suka tara a ƙasa. Mutum ya saba da yadi da turmi, dillali yana masa magana da ƙafa, takardar safiyo kuma ta zo da mita. Inda wata amsa ta dogara da wata, an nuna lambarta.

1. Waɗanne ma'aunai ake nufi?

Iri uku ne suka cakuɗe a hannunmu. Na farko na jiki ne, waɗanda masaƙa da marina da fatake suka yi ta aiki da su tun kafin zuwan Bature: ɗani, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, gaba, idan mutum ya ware hannayensa biyu, sai taki, wanda shi na ƙafa ne. Da kamu ake auna saƙi da alawayyo, da gaba ake auna igiya da zurfin rijiya.

Na biyu na Ingila ne: inci, ƙafa, yadi, sarƙa, mil da eka. Na uku tsarin mita: santimita, mita da hekta. Na biyu da na uku a daddale suke, lissafi kawai ake yi a tsakaninsu. Na farko kuwa sai an san jikin wa aka auna da shi.

2. Yadi ɗaya mita nawa ne?

Yadi ɗaya mita 0.9144 ne cif, ba ƙiyasi ba. Ƙasashen da ke amfani da yadi sun yarda da wannan lamba tun 1959. Daga nan sauran suka fito: ƙafa ɗaya mita 0.3048, inci ɗaya santimita 2.54. Yadi ƙafa 3 ne, ko inci 36. Mil ɗaya yadi 1,760.

Daga yadi zuwa mita, ninka da 0.9144. Daga mita zuwa yadi, ninka da 1.0936. Daga mita zuwa ƙafa, ninka da 3.281. In babu kalkuleta a kusa, riƙe wannan: yadi 11 kusan mita 10 ne, ragowar santimita 6 kacal.

3. To kamu fa, inci nawa ne?

Kamun kasuwa ana ɗaukarsa rabin yadi, inci 18, wato santimita 45.72. A kan wannan lissafi gaba ɗaya kamu 4 ce, yadi 2, ƙafa 6, mita 1.83. Ɗani kuma wajen rabin kamu.

Amma wannan yarjejeniya ce ta kasuwa, ba ita ce ke jikin kowa ba. Ka tara manya biyar ka auna kamunsu da tef, za ka ga wani 43, wani 46, dogo kuma ya kai 50. A kan ɗan zane na kamu huɗu wannan ba abin faɗa ba ne. A kan gona kuwa shi ne ke raba zumunci, duba tambaya ta 6 da ta 9.

4. Turmi awo ne ko suna ne kawai?

Turmin atamfa yadi 6 ne: ƙafa 18, mita 5.49, kamu 12. Turmi biyu, yadi 12, shi ne cikakken yankan da ke fitowa daga masaƙa. Leshi an fi yanka shi yadi 5, shadda 5 ko 10. Bandir kuwa ba shi da tsawo ɗaya, sai abin da aka rubuta a jikinsa.

Kada ka ɗauki turmin da ka saya a matsayin ma'auni sai ka gwada shi. Ana samun mai yadi biyar da rabi da sunan shida. Wani mai shago kuma ba ya aiki da sanda, daga kan hanci zuwa ƙarshen yatsu yake ja, ya juya kai gefe ko ya miƙe, kowanne da tsawon da yake bayarwa. Shaddar da ta fito daga Turai ma sau da yawa da mita aka yanko ta, a nan a kira ta yadi. Mita 10 yadi 10.9 ne, saboda haka a wannan karon mai saye ne ya ci riba.

Dalilin da ya sa yadi ya zauna daram a harkar tufa shi ne da shi sana'ar ta tashi. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar Turawan Ingila, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, kuma da yadi ake cinikin kayansu. Najeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, ofisoshin safiyo suka bi, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kantin Kwari suka ci gaba da abin da suka sani.

5. Fuloti mai 50 da 100, nawa ne a yadi da kamu da mita?

Hamsin da ɗarin nan ƙafa ne. A mita, 15.24 da 30.48. A yadi, 16 da biyu bisa uku, da 33 da ɗaya bisa uku. A kamun kasuwa, 33 da ɗaya bisa uku, da 66 da biyu bisa uku. In da turmi za a shimfiɗa, gaban fulotin bai kai turmi 3 ba, tsawonsa kuma turmi 5 da rabi da 'yar ɗoriya.

Kewayensa ya fi daɗin riƙewa: ƙafa 300, yadi 100 cif, kamu 200, gaba 50, mita 91.44. Girmansa murabba'in ƙafa 5,000, wato murabba'in mita 464.5.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa. A sababbin shimfiɗu ana yanka fuloti mita 15 da 30, a ci gaba da kiransa hamsin da ɗari. Wannan murabba'in mita 450 ne, ya gaza na asali da 14.5, gwargwadon ɗaki guda mai kyau. Ba lallai ha'inci ba ne, amma ka tambaya tun kafin biya: da ƙafa aka yanka ko da mita?

6. Me ya sa ba a mayar da girman fili da lambar da ake mayar da tsawo?

Saboda fili tsawo ne da faɗi, lambar sai ta shiga sau biyu. Yadi ƙafa 3 ne, amma murabba'in yadi murabba'in ƙafa 9 ne. Yadi kamu 2 ne, murabba'in yadi kuwa murabba'in kamu 4. A mita: murabba'in yadi 0.836, murabba'in ƙafa 0.0929, murabba'in kamun kasuwa 0.209. Murabba'in mita ɗaya kuma murabba'in ƙafa 10.764 ne. Wanda ya ga 464.5 a takarda ya ninka da 3.281 zai samu 1,524, ya ɗauka an cuce shi, alhali da 10.764 ya kamata ya ninka ya samu 5,000.

Haka kuskure ma yake shiga sau biyu. Ɗauki gona mai kamu 120 da 80. Da kamun kasuwa, murabba'in mita 2,007 ce. Da kamun dogon mutum mai santimita 50, mita 60 da 40 ce, wato 2,400. Da na gajere mai 43, ta dawo 1,775. Tsakanin dogon da gajeren akwai 625, ya fi fuloti guda, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ƙarin kashi 9 cikin ɗari a tsawon ma'auni yana zama kusan kashi 20 a girman fili.

7. Eka da hekta fuloti nawa ne?

Eka murabba'in yadi 4,840 ce, murabba'in ƙafa 43,560, murabba'in mita 4,047. In an yi ta daidai ta kowane gefe, gefen zai zama ƙafa 208.7, ko yadi 69.6, ko mita 63.6. Hekta mita 100 da 100 ce, murabba'in mita 10,000, eka 2.471. Da fulotin 50 da 100, eka tana ɗaukar 8.7, hekta 21.5.

To daga ina “eka fuloti shida” ta fito? Daga Legas da kewaye, inda fuloti ƙafa 60 da 120 ne. Da wannan girman eka 6 ce, hekta kusan 15. Duka lissafin biyu daidai ne, kowanne a garinsu. Rigima tana tashi ne idan aka sayar da eka da lissafin Legas, aka yanka da girman Kaduna: fuloti 6 na 50 da 100 murabba'in ƙafa 30,000 ne, bai kai kashi 70 cikin ɗari na eka ba.

Sannan lambobin nan babu hanya a cikinsu. In aka bar titi mai faɗin ƙafa 30 tsakanin layi biyu, kowane fuloti ya ɗauki nauyin murabba'in ƙafa 750 na titi. Eka ta dawo fuloti 7 da rabi, hekta 18 da wani abu, tun ba a cire kwana da magudanar ruwa da filin masallaci ba.

8. Dillali ya ce yadi da mita duk ɗaya ne. Haka ne?

Kama da wane ba ta wane. Mita ta fi yadi da santimita 8.56, kusan faɗin tafin hannu. Gona mai yadi 100 da 100 murabba'in mita 8,361 ce. Mai mita 100 da 100 hekta ce cikakka. Abin da ke tsakani 1,639, fuloti uku da rabi. Duk wanda ya ce maka ɗaya ne, ka ce ya yarda a auna da wanda kai ka zaɓa.

9. Takardar gonarmu ta gado da kamu ko zira'i aka rubuta ta. Yaya za mu mayar?

Kada a fara da ninkawa da 45.72. A fara neman kamun wanda ya yi awon. Hanyar ita ce a samu gefe ɗaya da alamominsa biyu ke nan har yau: tsamiya, rijiya, dutse, tsohon layin gamba ko shingen bi-ni-da-zugu. A auna tsakaninsu da tef. In takarda ta ce kamu 120, tef ya ba da mita 57.6, a raba 57.6 gida 120. Kamun mai awon santimita 48 ke nan, kuma da shi za a mayar da sauran gefunan. In an samu gefe biyu masu alama, a gwada duka. In suka ba da lamba ɗaya ko kusa, an kama hanya. In suka saɓa sosai, ko dai alama ta matsa, ko mutum biyu ne suka yi awon.

Zira'i shi ne kamu a bakin malamai. A fiƙihu ana bayyana shi da faɗin yatsu 24, kuma masu mayar da shi zuwa awon zamani sun fi sa shi tsakanin santimita 46 da 50. Saboda haka shi ma ba ya ba da lamba ɗaya.

In babu alamar da ta rage, a fitar da lissafi biyu, na ƙasa da na sama, kamar yadda aka yi a tambaya ta 6, a ajiye gaban magada da maƙwabta da mai unguwa ko dagaci. A irin wannan zama, shaidar dattijon da ya yi noma a kan iyakar ta fi lambar da ke takarda nauyi. Abin da aka amince a kai, shi za a kira mai safiyo ya ɗaure da mita.

10. Ana iya dogara da taki?

Don ƙiyasi, ƙwarai. A zamanin Turawa da taki aka yi ta auna gonaki a masarautar Kano don yanka haraji, har ana kiran masu aikin malaman taki. Amma sai ka san naka. Shimfiɗa tef mita 30 a wuri mai laushi, ka taka shi sau uku da tafiyarka ta kullum, ka ɗauki tsakaitacciyar lamba. In 40 ka samu, takinka santimita 75 ne, kuma fulotin 50 da 100 zai ba ka taki 20 da 41.

Taki yana gajarta a hawa, a yashi, a cikin kunyoyin gona, da lokacin da gajiya ta zo. Babban kuskure shi ne buɗe ƙafa da gangan don kowane taki ya zama yadi ɗaya. Ba a iya riƙe wannan har ƙarshen gona. Amfanin taki shi ne ka gane ko filin da aka nuna maka ya yi kusa da abin da aka faɗa. Ba a biyan kuɗi a kansa.

11. Zan iya auna fuloti da tef ɗin tela?

Za ka iya, amma ba shi ne kayan aikin ba. Tef ɗin tela inci 60 ne, ƙafa 5. Gefen ƙafa 100 sai ka aza shi sau 20. In kowace azawa ta zame da rabin inci, ka tashi da inci 10. Ga shi yana miƙewa in ya tsufa, bakin ƙarfensa kuma yakan cire.

Akwai kuma wanda ba kowa ya sani ba. Wasu tef da ke zuwa daga Sin, gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen kuma ba incin Ingila ba ne, incin Sin ne mai santimita 3.33. Gane shi ba wuya: juya tef ɗin ka duba inda lamba 10 ta faɗa. In ta yi daidai da santimita 25.4, inci ne na gaskiya. In ta kai 33, ajiye shi. Irin wannan a 45 yake ƙarewa maimakon 60. Wanda ya ƙirga inci 600 da shi yana neman ƙafa 50, mita 20 zai auna maimakon 15.24.

Abin da ya dace shi ne tef mai naɗi na mita 30 ko 50. Na ƙarfe ya fi na zare riƙe tsawonsa. Zafin rana ba abin damuwa ba ne, ko a watan Afrilu abin da na ƙarfe mai mita 30 zai ƙaru bai wuce 'yan milimita ba. Abin lura shi ne inda sifili yake, don a wasu daga bakin zobe ake farawa, a wasu kuma sai an ɗan shiga ciki. A ja shi ya miƙe, a riƙe shi a kwance ko da ƙasar gangare ce. Ƙafa 100 da aka bi gangare mai zurfin ƙafa 20, a takardar safiyo ƙafa 98 ce.

12. Yaya ake fitar da kusurwa ta zauna sukwaya da igiya kawai?

Da ƙa'idar 3, 4, 5, kuma kowane ma'auni yana yi muddin shi kaɗai aka riƙe. Samo igiya mai yadi 12, tsawon turmi biyu. Yi ƙulli a yadi 3, wani a yadi 7, ka haɗa bakin da ƙarshen. Mutum uku su riƙe: ɗaya a mahaɗa, ɗaya a ƙullin farko, ɗaya a na biyu, su ja har kowane gefe ya miƙe. Kusurwar da ke hannun mai ƙullin farko, tsakanin gefen 3 da gefen 4, ita ce sukwaya. A kafa turke a nan, a ɗora gefe ɗaya a kan layin titi, ɗayan ya nuna inda iyaka za ta bi.

A auna wurin ƙullin bayan an ɗaure, don ƙulli yana cin igiya. Ta nailan tana miƙewa in an ja, ta rama kuma tana tsukewa in ta sha raɓa, saboda haka a sake gwada ta da tef ranar aikin.

Bayan an kafa turaku huɗu, a auna giciye, daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta tsakiyar fili. A fulotin 50 da 100, kowane giciye ƙafa 111.8 ne, wato ƙafa 111 da inci 9 da rabi. A na mita 15 da 30, mita 33.54. In ɗaya ya fi ɗaya, filin ya karkace. Gefuna huɗu za su iya cika cif amma fili ya ragu: in giciye ɗaya ya ba da ƙafa 99 da rabi, ɗayan 123, murabba'in ƙafa 170 sun tafi.

13. Gonarmu ba ta da siffa. Ana haɗa gefe biyu a raba biyu, daidai ne?

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a ƙauye, kuma kullum ƙara wa gona girma take yi, sai fa in kusurwoyin huɗu duk sukwaya ne. Ga misali. Gona mai gefe huɗu, bi da bi: mita 30, 40, 50, 60. A tsohuwar hanya, 30 da 50 a raba biyu 40, 40 da 60 a raba biyu 50, a ninka a samu 2,000.

Yanzu a auna giciyen da ya haɗa ƙarshen gefen 30 da ƙarshen gefen 40, a ce ya ba da 50. Gona ta rabu alwatika biyu. Ga kowace, haɗa gefunan uku ka raba biyu, ka cire kowane gefe daga wannan rabin, ka ninka lambobin huɗu, ka danna alamar √ a kalkuleta. Ta farko, 30, 40, 50: rabi 60, sai 60 sau 30 sau 20 sau 10, ya ba da 360,000, tushensa 600. Ta biyu, 50, 50, 60: rabi 80, sai 80 sau 30 sau 30 sau 20, ya ba da 1,440,000, tushensa 1,200. Jimla 1,800. Tsohuwar hanya ta ƙara 200 da babu su a ƙasa.

Gona mai gefe biyar alwatika uku za ta ba da, mai shida huɗu. In da kamu ko yadi aka yi awon, a gama lissafin da shi, a ƙarshe a ninka da lambar murabba'i ta tambaya ta 6.

14. Tsohon zanen filinmu yana da sarƙa da lambobi masu ɗigo. Me suke nufi?

Sarƙa ma'aunin safiyon Ingila ne da Edmund Gunter ya fito da shi a 1620. Tsawonta ƙafa 66, yadi 22, mita 20.12, kamun kasuwa 44. Tana da gaɓa 100, kowace inci 7.92. Sarƙa 80 mil ɗaya. Daga ita eka ta samu lambarta mai wuyar riƙewa: sarƙa 1 a faɗi, 10 a tsawo.

Lambar ƙafa mai ɗigo kuma ba inci take nufi ba. In ka ga 50.5, ƙafa 50 da rabi ne, inci 6, ba inci 5 ba. A ninka abin da ke bayan ɗigo da 12. Akwai tef ɗin da ƙafarsa gida 10 aka raba, akwai mai gida 12, a duba kafin a fara karantawa.

15. Zan iya aza rula a kan zane in san tsawon fili?

In zanen na asali ne, e. A sikeli 1:500, santimita ɗaya mita 5 ce a ƙasa, a 1:1000 mita 10, a 1:2500 mita 25. Tsohon zane mai inci ɗaya ga ƙafa 40 daidai yake da 1:480. Amma kwafin da aka rage ko aka ƙara a na'ura, ko hoton da aka turo ta WhatsApp, sikelinsa ya riga ya tashi. Lambar da aka rubuta a jikin kowane layi ita ce abin riƙo.

16. An riga an zagaye filin da katanga. Akwai hanyar ƙiyasi ba tare da tef ba?

Ƙirga bulo. Bulon siminti na inci 6 da na inci 9 duk tsawonsu ɗaya, milimita 450, kusan kamun kasuwa. Da simintin da ke tsakani, kowanne yana cin ƙafa ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Gefen ƙafa 50 zai ɗauki bulo 32 zuwa 33 a layi ɗaya, na ƙafa 100 wajen 65. Kewayen fulotin duka bai wuce 200 a kowane layi ba, a cire wajen 8 na ƙofar mota mai ƙafa 12. Auna bulo ɗaya tukuna, don wasu masu bugawa suna rage ma'auninsu. Ka kuma tuna katanga tana nuna inda magini ya aza ne, ba lallai inda iyaka take ba.

17. In an juya tambayar fa: yadi nawa zai rufe wuri mai girman kaza?

Yadin kasuwa tsawo kawai yake faɗa, sai ka san faɗin ƙyallen. Atamfa inci 46 zuwa 48 take, saboda haka turmi ɗaya yana rufe murabba'in mita 6 da rabi ko kusa. Yadudduka da yawa kuma suna zuwa da faɗin inci 45 ko 60.

Kada ka raba girma da girma, ƙirga falle. Rumfa mai ƙafa 20 da 20, da yadi mai faɗin inci 45, wato ƙafa 3.75: falle 5 ba su kai ba, sai 6. Shida sau 20 ƙafa 120, yadi 40. Da mai inci 60, a takarda falle 4 sun isa, yadi 27. Amma ɗinki zai ci wajen inci ɗaya a kowace mahaɗa, ga kalmasa a baki, sai ka tarar ya gaza. Ko dai a sayi falle na biyar, yadi 34, ko a rage faɗin rumfar da 'yan inci.

18. Awon waya ya isa? Wane awo hukuma ke karɓa?

GPS ɗin wayar hannu, mai nuna inda mutum yake tsaye, yana kuskuren mita 3 zuwa 5 a fili buɗaɗɗe, fiye da haka a ƙarƙashin itatuwa ko kusa da bene. A hekta guda, ƙarin mita 3 a kowane gefe kashi 6 cikin ɗari ne, ana iya haƙuri da shi wajen lissafin taki da iri. A fulotin 50 da 100, wannan ƙarin ya haura kashi 30. Akwai kuma maganar tushen lambobi, wato mafarin da ake ƙirga lambobin da ke nuna inda fili yake: tsofaffin zanen Najeriya a kan tushen Minna aka yi su, waya kuma da tushen duniya mai suna WGS84 take aiki. In ka zuba lambobin tsohon zane a waya ba tare da an mayar ba, za ta tsayar da kai gomman mita daga filinka, wataƙila a tsakar gidan maƙwabci.

A jihar Kaduna, KADGIS, wadda aka kafa a 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye da fitar da takardar shaidar mallaka, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Da mita da hekta ake aiki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma da hekta take magana, misali inda ta taƙaita abin da ƙaramar hukuma za ta iya bayarwa ba da amincewar gwamna ba: hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Zanen da ake karɓa shi ne na mai safiyon da ke da rajista da SURCON, hukumar rajistar masu safiyo ta Najeriya. Awon da ka yi da tef ko igiya amfaninsa shi ne ka iya duba aikin da aka yi maka, da gane matsala kafin kuɗi su fita.

19. Me ya kamata a rubuta a takardar ciniki?

Tsawon kowane gefe daban, huɗun duka, da sunan ma'aunin a rubuce: ƙafa ko mita. “Fuloti ɗaya” ko “50 da 100” kaɗai bai wadatar ba, saboda dalilin da ke tambaya ta 5. A sa giciye aƙalla ɗaya. A sa girman da murabba'in mita. A faɗi wanda ke gabas, yamma, kudu da arewa, da faɗin titin da filin ke kallo, da ko an cire titin daga awon ko yana ciki.

In akwai turakun siminti na safiyo, a rubuta lambar da ke kan kowanne, a kuma je a gan su da ido tare da shaidu ranar biya. In tsohuwar takarda ta kamu ce, kada a jefar da ita. A kwafe lambarta yadda take, a rubuta a gefe santimita nawa aka ɗauki kamun da yadda aka gano shi, kamar yadda aka nuna a tambaya ta 9, mai sayarwa da mai saye da shaidu su sa hannu a kan shafin da lambobin suke.